Birni a Cikin Daji: Unguwanni da Ƙauyukan Bendigo

Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wato maƙwabta ba su da rabuwa a wajen masifa, ko da kuwa kowa da sunan garinsa da sarkinsa. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da Bendigo, wani birni da ke jihar Biktoriya a kudu maso gabashin Ostareliya, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da Melbon. Duk wanda ya buɗe taswirar ƙaramar hukumar wannan birni zai tarar da sunaye rututu, na unguwanni da na ƙauyuka, kowanne da iyakarsa a shate, domin a can babu wani taƙi na ƙasa da ba ya cikin wata unguwa ko wani yankin karkara mai suna a hukumance. Da waɗannan sunaye ake kai wasiƙa, da su ake kiran motar asibiti. Amma fa tsuntsu da ruwa da wuta ba su san da zaman waɗannan iyakoki ba. Shi ya sa masana kimiyyar halittu suka fi sa ido a kan wurin da gidan ƙarshe na unguwa ya haɗu da itacen farko na daji, don a nan ne lafiyar birnin da ta karkararsa suke ƙulle da juna.

Yadda Ƙasar Take

A shekarar 1994 gwamnatin jihar Biktoriya ta haɗe ƙananan hukumominta, ta rage yawansu. A nan ne aka haɗa majalisun Bendigo da Eaglehawk da Strathfieldsaye da Huntly da Marong, daga baya aka ƙara wani sashe na McIvor, suka zama hukuma guda mai faɗin murabba'in kilomita 3,000. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutanen da ke cikinta sun haura 120,000, kuma fiye da 100,000 daga cikinsu a birnin da unguwanninsa suke zaune. Ke nan mafi yawan jama'a suna cunkushe a ɗan ƙaramin wuri, mafi yawan ƙasar kuwa gonaki ce da makiyaya da daji.

Ana iya kwatanta tsarin wurin da faifai, da'ira cikin da'ira. A tsakiya akwai tsofaffin unguwanni, irin su Golden Square da Long Gully da Ironbark da Eaglehawk da White Hills. Bayansu sai daji, wanda ya kusa zagaye birnin kamar ganuwa. A jikin dajin, wani lokaci ma a cikinsa, sababbin unguwanni ne ke ta bunƙasa: Maiden Gully da Marong ta yamma, Strathfieldsaye da Junortoun ta gabas, Epsom da Huntly ta arewa. Can waje kuma sai karkara sosai. Ta arewa fili ne shimfiɗaɗɗe na alkama da sha'ir da tumaki, inda ƙauyukan Raywood da Goornong da Elmore suke. Ta kudu maso gabas akwai Heathcote, mai jar ƙasa da ta samu daga duwatsu masu shekaru kusan miliyan 500, inda ake noman inabi. Daga tsakiyar birni zuwa Elmore ko Heathcote tafiyar kimanin kilomita 45 ce. Ruwan saman da wurin ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 500 ba, wato bai kai na Kano ba, kuma lokutan shekara a juye suke: sanyi daga Yuni zuwa Agusta, zafi daga Disamba zuwa Fabrairu.

Abin da Sunaye Ke Faɗa

Tun kafin zuwan Turawa, mafi yawan wannan ƙasa ta al'ummar Dja Dja Wurrung ce, gabashinta kuma na Taungurung. A shekarar 1851 aka ga zinariya a bakin rafin Bendigo, kafin a ce kwabo dubban mutane sun kwararo daga Ingila da Ailan da Jamus da Sin da Amurka. Kowane kwari da aka haƙa sai ya zama sansani, sansani ya zama unguwa. Sunayen suna nan suna ba da shaida: Golden Square na nufin dandalin zinariya, California Gully kwarin mutanen Kalifoniya, Sailors Gully kwarin matuƙan jirgin ruwa. Ironbark kuwa sunan wani itace ne mai ɓawo kamar ƙarfe, wanda ya cika wurin a da.

Cikin shekara ɗari, wato zuwa 1954 lokacin da aka rufe ramin Central Deborah, an fitar da zinariya fiye da tan 600 daga ƙarƙashin wannan birni. Amma ƙasa ta biya diyya mai tsada ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce taɓo. Mahaƙan farko sukan cuɗa yumɓu da ruwa a cikin wani rami mai da'ira, doki na jan abin damawa, zinariya ta kwanta, a saki sauran ya bi rafi. Wannan taɓo ya gangara arewa ya binne gonaki da lambuna a Epsom da Huntly, har gwamnati ta kafa hukumar bincike a kansa tun a ƙarshen shekarun 1850. Masana na Jami'ar La Trobe, Susan Lawrence da Peter Davies, sun bi diddigin al'amarin a wani littafi da suka fitar a 2019, suka nuna cewa har yau taɓon na nan kwance a kan ainihin ƙasar noma ta da. Mutanen Dja Dja Wurrung kan kira wurin ƙasar da aka kifar.

Hanya ta biyu ita ce saran itatuwa. Da zinariyar sama ta ƙare aka koma bin ta cikin farin dutse, wasu ramukan zurfinsu ya zarce kilomita guda. Rami na bukatar katako na tokare shi, injin tururi na bukatar makamashi dare da rana, layin dogo na bukatar katakon shimfiɗa, manomi na bukatar fili da dirkokin shinge. Binciken da wata hukumar kare muhalli ta jihar ta gabatar a 2001 ya nuna cewa kashi 83 cikin 100 na irin wannan daji a Biktoriya ya riga ya tafi. Kashi 17 da ya saura ma galibi a kan tuddai masu tsakuwa yake, inda garma ba ta ci.

Dajin da Ya Saura

Itatuwan wannan daji ba baƙi ba ne ga mai karatu, domin dangin itacen turare ne, wanda wasu ke kira zaiti. Irin da aka fi dasawa a arewacin Nijeriya don kare iska da kwararowar hamada, mai suna Eucalyptus camaldulensis a ilmance, asalinsa daga Ostareliya yake, kuma yana fitowa da kansa a bakin kogin Campaspe da ya ratsa Axedale da Elmore. A kan tuddan Bendigo kuwa 'yan'uwansa ne suka fi yawa, musamman Eucalyptus tricarpa mai baƙin ɓawo, da Eucalyptus microcarpa, da Eucalyptus leucoxylon. A arewacin birnin, a dazuzzukan Whipstick da Kamarooka, akwai wasu gajeru masu rassa da yawa daga tushe guda, waɗanda aka daɗe ana dafa ganyensu ana tatsar man zaiti. A shekarar 2002 aka keɓe kimanin hekta 17,000 na dajin da ke kewaye da birnin ya zama gandun ƙasa.

Wanda ya hango dajin daga mota zai ce lafiya lau yake. Masani kuwa idan ya shiga ciki, abu biyu zai lura da su. Na farko, itatuwan sirara ne, sau da yawa uku ko huɗu daga kututture guda, alamar toho ne da ya fito bayan sara. Na biyu, kogo ya yi ƙaranci. Itacen turare ba ya yin kogo sai ya tsufa, gara da ruɓa sun ci cikinsa, reshe ya karye ya bar ƙofa, kuma wannan kan ɗauki shekara 100 ko fiye. A Ostareliya babu tsuntsun nan maƙwaƙƙwafi da ke fafe itace da baki, saboda haka duk dabbar da ke kwana ko haihuwa a kogo sai ta jira tsufan itace. Abin mamaki shi ne, da yawa daga manyan tsofaffin itatuwan da suka tsira ba a cikin gandun suke ba. Suna gefen hanyoyin karkara, da bakin rafuka, da tsakiyar makiyayan mutane, wato a ƙasa mai albarka wadda ita ce kuma ake yankawa fuloti idan unguwa ta matso.

Wata baiwa ta wannan daji ita ce, manyan itatuwansa da sanyi suke fure, lokacin da abinci ya yi wuya a sauran wurare. Furen na zubar da ruwan zaƙi mai yawa, kuma babban itace ya fi ƙarami yawan fure da tabbacin yinsa. Halittu uku za su isa misali a kan abin da ya rataya a wuyan waɗannan itatuwa.

Na farko wani ƙaramin aku ne kore mai jan goshi, Lathamus discolor, tsawonsa kimanin santimita 25. A tsibirin Tasmaniya kaɗai yake ƙwai, amma da sanyi ya gabato sai ya ƙetare teku ya zo neman fure a dazuzzuka irin na Bendigo. Masana sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duniya ba su kai 1,000 ba, kuma tun 2016 gwamnatin Ostareliya ta sa shi a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ba kowace shekara kowane daji ke fure ba, don haka tilas ya sami wurare da yawa da zai zaɓa. Itace guda a bakin hanyar Marong na iya zama abincinsa na mako.

Na biyu wata 'yar dabba ce da ake kira tuwan, Phascogale tapoatafa, mai girman ɓera da baƙar jela buzu-buzu. Dangin kangaru ce ta wajen renon 'ya'ya a jikin nono. Da dare take farautar ƙwari da gizo-gizo a ƙarƙashin ɓawon itace. Rayuwarta na da ban al'ajabi: dukkan mazan sukan mutu bayan barbarar farko, kafin su cika shekara, saboda sinadaran gajiya da ke cika jininsu suna karya garkuwar jikinsu. Ke nan akwai watannin da babu namiji baligi ko ɗaya a dajin, sai mata masu ciki ko goyo. Kowace mace na bukatar hekta gommai na daji da koguna masu yawa da za ta riƙa sauyawa. Idan aka yi shekara guda mata suka kasa reno a wani ɗan yankin daji da tituna suka datse, to shi ke nan, zuriyar wurin ta yanke.

Na uku wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin jan ƙarfe, Paralucia pyrodiscus lucida, wanda aka ɗauka ya ƙare har sai da aka sake ganinsa cikin shekarun 1980 a Eltham kusa da Melbon, daga baya aka same shi a dajin gefen Bendigo. Tsutsarsa ganyen tsiro guda kaɗai take ci, wani ɗan kurmi mai ƙaya da ake kira Bursaria spinosa. Da rana tana ɓoye a gidan wata irin tururuwa ta jinsin Notoncus a gindin tsiron. Da dare tururuwan su rako ta sama ta ci ganye, suna gadinta, ita kuma tana biyansu da wani ruwan zaƙi da ke fita daga jikinta. In babu tsiron ko babu tururuwar, babu malam-buɗe-littafin. Duk garinsa bai fi filin gidaje kaɗan ba, motar share fili na iya shafe shi da hantsi guda.

Illar Gefe

Masana na da wata ƙa'ida da suke kira illar gefe. Gefen daji ya fi cikinsa zafi da iska da haske, kuma ta nan ciyayin lambu da kyanwa da kare da yanyawar Turai da masu satar itacen jin ɗumi suke shiga. A ƙaddara akwai daji mai kusurwa huɗu, kowane gefe kilomita guda, wato hekta 100, kuma illar tana shiga mita 200 daga kowane ɓangare. Abin da zai rage lafiyayye a tsakiya hekta 36 ne kacal. In aka ratsa titi biyu a tsakiyarsa, ɗaya daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga kudu zuwa arewa, sai ya zama gutsure huɗu, kuma lafiyayyen wurin ya koma kimanin hekta 4, alhali a taswira dajin na nan kore kamar yadda yake.

A gabashin Ostareliya akwai wani tsuntsu ɗan ƙasa, Manorina melanocephala, mai son irin wannan wuri na gefe da itatuwa jefi-jefi da gajerar ciyawa, wato dai kamannin sabuwar unguwa. Cikin taro yake zaune, kuma yakan kori duk ƙaramin tsuntsun da ya shigo yankinsa. Idan ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari suka gudu, ƙwarin ganye sukan yi yawa, itatuwa su raunana. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince cewa yawaitarsa barazana ce ga sauran tsuntsaye.

Ba kullum birni ne ke shiga daji ba, wani lokaci daji ne ke shigowa birni. A shekarar 2010 wasu manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, Pteropus poliocephalus, suka sauka a lambun Rosalind da ke tsakiyar Bendigo, suka mai da shi masauki. Dangi ɗaya suke da manyan jemagun da ke rataye a itatuwan biranen Nijeriya da Gana, kuma faɗin fikafikansu ya kai mita guda. Da magariba sukan watsu, wani ya yi tafiyar kilomita 50 neman fure, yana ɗaukar ƙurar fure daga wannan daji zuwa wancan. Mai shaƙatawa a lambu na kukan wari da hayaniya, mai gonar 'ya'yan itace na kukan ɓarna, alhali su ne ke haɗa auren itatuwan da gonaki suka raba.

Wuta da Ruwa

Ranar Asabar 7 ga Fabrairu 2009 zafi ya haura digiri 45 a Bendigo, ga busasshiyar iska mai ƙarfi daga arewa, bayan shekaru fiye da goma na fari. A wannan rana gobarar daji ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya. Ta Bendigo da la'asar ta tashi a Maiden Gully, ta bi tsofaffin filayen haƙar zinariya da aka bari a tsakanin gidaje, cike da busasshiyar ciyawa, ta shiga Long Gully da maƙwabtanta, har ta zo kimanin kilomita 2 daga tsakiyar birni. Mutum ɗaya ya rasu, gidaje fiye da 50 suka ƙone. A rana guda kuma wata wutar ta cinye dubban hekta a Redesdale, can kudancin karkarar. Ganyen itacen turare mai ne da shi, ɓawonsa kuma kan tashi da wuta iska ta kai shi gaba, ya faɗa kan rufi ko tarin ganye. Itacen kansa ya saba, yakan yi toho daga jikinsa bayan 'yan makonni. Gida kuwa ba ya toho.

Nan ne matsalar take. Mai gida a gefen daji na son a share kurmi don tsaron iyalinsa, kuma yana da gaskiya. Amma kurmin da za a share shi ne gidan malam-buɗe-littafi, busasshen itacen da za a kayar shi ne mai kogo. Wata mafita ta fito daga masu ƙasar na asali. Bayan yarjejeniyar da gwamnatin jihar ta ƙulla da Dja Dja Wurrung a 2013, wadda ta ba su hannu a tafiyar da gandun, sun dawo da ƙunar gargajiya, wato wuta mai sanyi da ake sawa ɗan wuri kaɗan lokacin da ƙasa ke da laima, ta ci shara a hankali ba tare da ta hau kan itace ba.

Ruwa ma haka ya ɗaure birnin da karkara. Bendigo ba ta da babban kogi. Tun 1877 ake jawo mata ruwa daga kogin Coliban ta wata doguwar magudana mai kimanin kilomita 70, sa'an nan a farkon shekarun 1960 aka gina madatsar Eppalock a kan kogin Campaspe. A farin da aka yi daga 1997 zuwa 2009 madatsar ta kusa ƙafewa, sai da aka shimfiɗa bututu cikin gaggawa a 2007 aka jawo ruwa daga yankin kogin Goulburn. A Oktoba 2022 kuma madatsar nan ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shanye garin Rochester da ke gangare, a wata ƙaramar hukumar dabam. A ƙarƙashin birnin kuwa wani ruwan ne ke tasowa. Tsofaffin ramuka sun cika, ruwansu na ɗauke da gishiri da gubar asanik da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ba a zuƙe shi ba zai ɓulɓulo a kwaruruka ya bi rafin Bendigo zuwa gonakin arewa. Shekaru da dama a ƙauyen Woodvale aka riƙa tara shi a tafkuna rana ta shanye, wato ƙauye ya ɗauki dattin birni, kamar yadda Huntly ta ɗauki taɓonsa a ƙarni na 19.

Abin da Ke Gaba

Majalisar Bendigo na shirye-shiryenta ne bisa hasashen cewa jama'arta za su kai 200,000 zuwa shekarar 2050. Gandun daji ba a hannunta yake ba, na gwamnatin jiha ne tare da Dja Dja Wurrung. Abin da ke hannunta shi ne izinin yanka fuloti, da kula da gefen hanyoyin karkara, da dokokin dabbobin gida, irin wadda ta tilasta wa mai kyanwa ya killace ta a gidansa. Waɗannan ƙananan hukunce-hukunce su ne za su nuna ko tuwan za ta iya ƙetarawa daga wannan daji zuwa wancan. Amfanin haɗewar 1994 ta wannan fuska shi ne, zauren da ke ba da izinin gini a Maiden Gully shi ne kuma ke sauraron manomin Goornong, saboda haka ba shi da wanda zai tura wa laifi.

Zaɓin da ke gaban majalisar a fili yake. Ko dai sababbin gidaje su cike guraben da ke cikin tsofaffin unguwanni, bayan an tsabtace ƙasar daga gubar haƙar da, ko kuwa su ci gaba da kutsawa cikin daji da gonaki, inda fili ya fi araha amma wuta ta fi kusa. Masu sa kai sun rataya akwatunan katako a jikin itatuwa don su zama madadin kogo, kuma tuwan na shiga cikinsu. Sai dai akwati kan lalace cikin 'yan shekaru, ba ya kuma fure. Itacen da aka dasa bana a Strathfieldsaye ba zai yi kogo ba sai jikokin jikokin mai dashen sun girma. Saboda haka tsohon itacen da ke tsaye a bakin hanya yau ba shi da madadi a cikin wannan ƙarni, kuma ranar da za a yanke hukunci a kansa, a takarda ba zai wuce ɗigo guda a taswirar fuloti ba.